Horar da Ma'aikata kan Fasahar Kwamfuta a Manyan Kamfanoni: Sauye-sauye da Matsaloli

Idan aka ambaci koyarwa, abin da yakan fara zuwa zuciyar ɗalibin kwalejin ilimi shi ne aji da allo da yara a zaune. Amma akwai wani fage mai faɗi na koyo da koyarwa a wajen makaranta, wato horon da kamfanoni suke ba ma'aikatansu bayan sun ɗauke su aiki. A wannan babi za a dubi reshe ɗaya na wannan fage, shi ne horo a kan fasahar kwamfuta da sadarwa. Za a ɗauki kamfanin sadarwa na AT&T da ke Amurka a matsayin misali, domin abin da ya faru a cikinsa ya tattara yawancin sauye-sauyen wannan harka da matsalolinta. Kafin a shiga, ya kamata a yi hattara da kalmar "manhaja". A bakin malamai tana nufin tsarin abin da za a koyar, amma a nan ana nufin jerin umarnin da ake sa wa kwamfuta ta yi aiki da shi.

Yadda Horon ya Faro

Tun kafin kwamfuta ta yaɗu, manyan kamfanoni suna da makarantunsu na cikin gida. Alal misali, General Electric ya buɗe tasa a Crotonville cikin 1956. Bayan IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa ta kan tebur a 1981, na'urar ta bazu cikin ofisoshi, sai akawu da sakatare da ma'aji duk suka buƙaci a koya musu ita. Salon horon a wancan lokaci irin na makaranta ne: a tara mutane a ɗaki, a kawo malami, a yi kwana uku ko mako guda, kowa ya koma bakin aikinsa da littafin bita a hannu.

A shekarun 1990 kamfanonin da ke ƙera na'urori da manhajoji suka shigo da jarrabawarsu. Microsoft ya fara ba da takardar shaidar ƙwarewa a 1992, Cisco kuma ya fito da tasa mai suna CCNA a 1998. Wannan takarda ta ma'aikaci ce, yana tafiya da ita duk inda ya sami aiki. Daga nan darussa suka koma kan faifai, sa'an nan kan intanet. A 2012 aka kafa Coursera da edX, waɗanda ke sa darussan jami'o'i a intanet domin dubban mutane su bi a lokaci ɗaya. Annobar korona ta 2020 ta rufe ɗakunan bita na tsawon watanni, ta tilasta wa masu jan ƙafa su ma su bi wannan hanya.

Misalin AT&T

Asalin sana'ar AT&T wayar tarho ce. Dubban ma'aikatansa sun ƙware ne wajen shimfiɗa waya, da hawa turaku, da gyara manyan na'urorin da ke haɗa kira. Da wayar hannu ta zama ƙaramar kwamfuta, musamman bayan fitowar iPhone a 2007, sai aikin ya canza kama. A ƙarshen 2014 kamfanin ya bayyana cewa yana son kafin ƙarewar 2020 manhaja ta riƙa tafiyar da kashi 75 cikin ɗari na hanyoyin sadarwarsa, a maimakon na'urori na musamman da ake girkawa a kowace tasha. Ke nan mutumin da ya shekara ashirin yana aiki da sukudireba, yanzu ana buƙatar ya iya rubuta umarnin kwamfuta da nazarin bayanai.

Hanya biyu ce a gaban kamfanin: ko ya sallami tsofaffin ma'aikata ya ɗauki sababbi, ko ya sake horar da waɗanda yake da su. Ta farko tana da tsada, ga shi kuma ƙwararrun ba su wadata a kasuwa ba, domin Google da Amazon ma su suke nema. Saboda haka ya karkata ga ta biyu. Ya haɗa kai da jami'ar Georgia Tech da kamfanin Udacity, aka buɗe digiri na biyu a ilimin kwamfuta ta intanet a 2014, kuɗinsa bai kai dala 7,000 ba. Aka kuma tsara gajerun kwasa-kwasai na 'yan watanni, kowanne a kan ƙwarewa guda. A 2018 aka ruwaito cewa shirin zai ci dala biliyan 1, da burin sake horar da ma'aikata 100,000.

Sai dai akwai wani sharaɗi da ya kamata a tsaya a kansa. Kamfanin yana biyan kuɗin karatu, amma yawancin karatun ma'aikaci zai yi shi ne da dare ko a ƙarshen mako, a lokacinsa na kansa. Shugaban kamfanin na wancan lokaci, Randall Stephenson, ya faɗa wa jaridar New York Times a 2016 cewa wanda ba ya ba karatun intanet sa'a 5 zuwa 10 a mako, fasaha za ta wuce ta bar shi. A nan ne babban sauyin yake. A da kamfani ne ke ware lokaci, ya zaɓi darasi, ya kawo malami. Yanzu nauyin ya koma wuyan ma'aikaci. Matashin da bai yi iyali ba zai iya. Uwar 'ya'ya uku da ta dawo gida a gajiye, ita ma sa'a goman ake jira daga gare ta.

Matsalolin da ke Tattare da Horon

Matsala ta farko tsohuwa ce, kuma kowane malami ya san ta, wato mantuwa. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna, ta hanyar haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana, cewa mafi yawan abin da aka haddace yakan zube da wuri idan ba a maimaita ba. Ma'aikacin da ya kalli darasi yau, amma bai taɓa manhajar a bakin aiki ba sai bayan wata uku, kusan daga farko zai soma.

Ta biyu ita ce auna nasara, kuma a ganina ita ce aka fi yi wa sakaci. Donald Kirkpatrick ya kawo matakai huɗu a 1959: a duba ko masu koyo sun ji daɗin horon, a duba ko sun koyi wani abu, a duba ko yadda suke aiki ya canza, sa'an nan a duba ko kamfanin ya amfana. Na farko da na biyu suna da sauƙin aunawa, na uku da na huɗu kuwa suna buƙatar bibiya ta watanni. Intanet ta ƙara wa abin ruɗani, domin na'ura tana ƙidaya wanda ya buɗe darasi da wanda ya kammala, sai shugabanni su ɗauki wannan lissafi a matsayin shaidar an koya. Wannan daidai yake da malamin da ya ɗauki rajistar kiran suna a matsayin sakamakon jarrabawa. Ko a AT&T ma, yawan masu shiga kwas bai hana raguwar ma'aikata ba. Daga kimanin 280,000 a 2015 sun koma kimanin 150,000 a ƙarshen 2023, wani ɓangare saboda rabuwa da rassa irin su DirecTV a 2021, wani kuma saboda rage guraben aiki.

Ga kuma saurin tsufan ilimin kansa. Takardar MCSE ta Microsoft, wadda ta daɗe tana buɗe wa mutane ƙofar aiki, an daina ba da ita a Janairun 2021. Bayan fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, ƙirƙirarriyar basira ta zama sabon abin da kamfanoni ke rububin koya wa ma'aikata, alhali malaman da za su koyar su ma koyo suke yi.

Akwai kuma tambayar wa zai biya. Masanin tattalin arziki Gary Becker ya bambanta, a 1964, tsakanin ƙwarewar da ke da amfani a kamfani ɗaya kawai da wadda ake iya sayarwa ko'ina. Ilimin kwamfuta yawancinsa na kashi na biyu ne, don haka kamfani yakan ji tsoron ya horar da mutum, gobe wani ya ɗauke shi da albashi mai tsoka. A Nijeriya gwamnati ta tunkari irin wannan matsala tun 1971, da ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, mai hedkwata a Jos. Kamfanonin da doka ta shafa suna zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da suke biya, wanda kuma ya horar da ma'aikatansa yana iya neman a mayar masa da wani kaso.

Abin da ya fi kusa da malamin Hausa shi ne harshen da ake horon da shi. Mafi yawan darussan da jarrabawoyin da Turanci aka shirya su. Injiniya ba zai damu ba, amma horon yanzu ya sauko har ga mai karɓar kuɗi a kanti da wakilin banki mai na'urar cire kuɗi a kasuwar ƙauye, kuma da yawansu da Hausa suke tunani. Idan an zo fassara musu, sai a tarar kalmomin ba su zauna ba tukuna. Wani ya ce "kwamfuta", wani ya ce "na'ura mai ƙwaƙwalwa". Wani "intanet", wani "yanar gizo". Wani "kalmar sirri", wani "lambar sirri", ko da abin da ake nufi haruffa ne gauraye da lambobi. Duk wanda aka ba aikin rubuta littafin horo da Hausa, dole ne ya zaɓi kalma ɗaya ga kowace ma'ana, ya bayyana ta a karon farko da ta fito, ya kuma gwada ta a kan ma'aikata biyu ko uku kafin a kai littafin maɗaba'a.