'Yar Robar da ke Kwantar da Tarakta

Duk wanda ya leƙa yankin Kadawa a farkon damina zai ga yadda manoman shinkafa na Kura da Bunkure da Garun Malam ke rububin tarakta. Wadda suka fi nema ita ce mai ja da ƙafa huɗu, domin ita ke iya ratsa taɓo ba ta kafe ba. Abin takaicin shi ne, a daidai wannan lokaci ne za ka tarar da irinta jibge a harabar ma'aikatu, an ɗora gabanta a kan bulo, alhali injinta lafiya lau yake.

Na taɓa tambayar wani tsohon bakanike dalili, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ba inji ke kashe su ba, ƙafar gaba ce."

Ga yadda abin yake. Ƙarfin injin yakan bi ta farfela ya isa giyar da ke tsakiyar ƙafafun gaba, daga nan sandunan ƙarfe biyu su raba shi dama da hagu. Kowace sanda tana da gaɓa mai lanƙwasa, wadda ke ba taya damar juyawa yayin da direba ke murɗa sitiyari. A cikin cibiyar tayar kuma akwai ƙananan giyoyi da boris, duk suna kwance cikin mai. Abin da ke tsare wannan mai, ya kuma hana ruwa shiga, wata 'yar zagayayyiyar roba ce kawai.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar robar ta cinye, mai ya tsiyaye, ruwan laka ya maye gurbinsa, boris ya goge, daga bisani haƙoran giya su kakkarye. Kuma ba ta kwanciya ba tare da gargaɗi ba: danshin mai a cikin taya, ƙara yayin shan kwana, taya mai girgiɗi idan an ɗaga ta da jak, ko man da ya koma fari kamar madara. Direbobinmu kan ƙara ta'azzara lamarin ta hanyar barin giyar ƙafa huɗu a kan kwalta, ko sanya tayoyin gaba da girmansu bai dace da na baya ba.

Gyaran ma yana da ƙa'ida. A tokare taraktar da ƙarfe mai ƙwari, kada a dogara da jak kaɗai. A zubar da tsohon mai, a wanke ko'ina tas, a sauya roba da boris tare, a duba ɗaya ƙafar domin aikinsu ɗaya. A ɗaure notina gwargwadon yadda kamfani ya tsara, a zuba man da ya ambata. Wajen sayen kaya kuwa, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, a tuna araha ba ta ado.

Mai karatu, matsalar ta wuce ta ƙarfe. Tun shekarun 1970 aka kafa masana'antun harhaɗa tarakta a Arewa, Steyr a Bauchi da ta Fiat a Kano, amma har yau littafin da ke zuwa da tarakta da Turanci yake, direba da bakanike kuwa da Hausa suke aiki. Gwamnatocinmu sun fi sha'awar bikin raba sababbi fiye da ware kuɗin kula da tsofaffi, domin roba ba ta shiga hoto.

Shawarata ita ce, duk kwangilar sayen tarakta ta ƙunshi kayan gyara, da horar da kanikawa, da jagorar kulawa cikin Hausa. Damina ba ta jiran kowa. Manomin da ya rasa huɗa a kan kari ya rasa shekara guda.