Daga Majaujawa Zuwa Kwanar Hanya

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Sule Tankarkar ya san majaujawa. Idan gero ya fara nuna, tsuntsaye suka sauko, yaro yakan ɗora hoge a cikinta, ya yi ta juya ta saman kansa har tana kuka, sannan ya saki igiya ɗaya. Hogen ba ya ƙara zagaye ko ɗaya. Miƙewa yake yi ɗoɗar, ta inda ya dosa lokacin da aka sake shi.

Ƙa'idar da Isaac Newton ya wallafa a 1687 ke nan: abu mai tafiya, muddin ba a taɓa shi ba, miƙaƙƙiyar hanya yake bi. Ba zai yi zagaye ba sai da abin da ke janyo shi zuwa tsakiya. A majaujawa igiya ce ke wannan aiki. Shi kuwa wata na sama, jan duniya ne ke riƙe da shi.

To, wancan ƙarfin fa da kake ji ya manna ka da ƙofa idan direba ya sha kwana? Christiaan Huygens, ɗan ƙasar Holan, ya yi nazarinsa tun 1659. Gaskiyar magana, ba wanda ya ingiza ka. Jikinka ne ke son miƙewa, mota ta karkata, ƙofa ta tare ka.

Abin ya fi damuna ranar Alhamis, idan kasuwar Maigatari ta tashi, manyan motoci suka ɗauko hanyar Gumel maƙil da shanu, ga mutane zaune a can sama. A kwana, igiyar mota ita ce riƙon da taya ta yi wa kwalta, ba ta da wata. Lissafin kuma ba sauƙi: direban da ya shiga kwana da gudun kilomita 80 a awa yana bukatar riƙo ninki huɗu na wanda ya shiga da 40. Idan taya ta suɗe, ko iska ta shimfiɗa rairayi a kan kwalta, kamar yadda take yi a wannan yanki da rani, igiya ta tsinke ke nan, mota ta miƙe cikin gona kamar hogen nan.

Ko da taya ta riƙe, lodi mai tsayi yana da nasa hatsarin. Ƙasan mota na bin kwana, samanta na neman miƙewa, shanu su zame gefe guda, tayoyin da ke ta cikin kwana su fara ɗagawa daga ƙasa.