Ba Sai Ka Kwaso Rumbun Duka Ba

Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, matasan da ke koyon rubuta manhaja sun ƙaru a garin nan, kuma kusan dukkansu da datar wayarsu suke aiki. Su nake koyarwa da yamma. Abin da ya fi cin ransu ba wuyar darasi ba ne, kuɗin data ne, musamman tun Janairun 2025 da hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari.

Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, shi ne kayan aikin da masu manhaja ke adana aikinsu da shi, a dandali irin su GitHub. Umarnin da kowa ya haddace shi ne git clone. To amma wannan umarni ba fayilolin yau kaɗai yake sauko maka da su ba. Har da tarihin rumbun, wato ma'ajiyar aikin, gaba ɗaya: kowane gyara da wani ya taɓa yi tun ranar farko, da fayilolin da aka goge shekaru da suka wuce. Rumbun Linux kaɗai yana ɗauke da gyare-gyare sama da miliyan ɗaya. Wanda ya je kasuwar Shuwarin sayen tiyar gero ba ya ɗauko buhu, amma haka yaranmu ke yi kullum a intanet, don ba wanda ya nuna musu wata hanya.

Mafi sauƙi ita ce a ƙara --depth 1 a kan umarnin. Sai Git ya kawo yanayin aikin na ƙarshe, ya bar tarihin.

Wadda na fi so kuwa ita ce ta zaɓen folda. Ɗauki rumbun MasakhaNER, wanda masu bincike na ƙungiyar Masakhane suka fitar a 2021 da bayanan harsunan Afirka 10. Wata ɗalibata Hausa kawai take buƙata, ba ruwanta da Amharik ko Wolof. Ta zauna a benci, kwamfuta a kan cinya, waya a gefe tana ba ta intanet, ta rubuta git clone --filter=blob:none --sparse sannan adireshin rumbun. Sashen farko yana gaya wa Git ya kawo tarihi da sunayen fayiloli, ya dakata da abin da ke cikinsu sai an nema. Na biyun yana hana shi shimfiɗa komai sai fayilolin da ke bakin rumbun. Da ta shiga ciki, ta rubuta git sparse-checkout set data/hau, foldar Hausa ta sauko ita kaɗai. Ta duba ragowar datarta, ta ɗago ta ce, "Malam, ashe shi ke nan?"

Ba don talaka aka fara neman wannan dabara ba. Microsoft ce ta sha wuya a 2017 lokacin da ta mayar da aikin Windows cikin Git, rumbu mai girman gigabait kusan 300. Daga irin wannan matsala aka yi ta gyara, har umarnin sparse-checkout ya fito a Git 2.25 cikin Janairun 2020. A ganina mu ya fi yi wa rana, kuma ya kamata malamai su koyar da shi rana ɗaya da git clone.

Akwai abin lura. Fayil ɗin da ba ka sauko da shi ba, duk sa'ad da Git ya buƙace shi sai ya koma intanet. Idan za ka tafi Kiyawa ko Jahun hutu, inda sabis ke iya yankewa, ka buɗe duk foldar da za ka taɓa tun kana Dutse, da git sparse-checkout add. Wanda kuma zai bi sawun wane ne ya canza wane layi, kada ya yi amfani da --depth 1, domin tarihin da zai duba ba ya nan. Kafin komai, rubuta git --version. Idan lambar ba ta kai 2.26 ba, sai ka sabunta shi tukuna, don a nan ne git sparse-checkout add ya fara fitowa.