Ba Kowane Ciwon Maƙogwaro Ba Ne Beli

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya faru a gidanmu a Bacirawa.

Ina da ƙane ɗan shekara bakwai. Duk sanda hunturu ya kama sai maƙogwaronsa ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, ko yawu ba ya iya haɗiyewa. Da dare kuwa ya yi ta minshari kai ka ce dattijo ne. Kakarmu ta ce beli ne ya sauko, aka kira wanzami ya yanke. Yaro ya kwana yana zubar da jini, bayan wata biyu kuma ciwo ya dawo. Daga nan Baba ya kai shi asibiti a cikin birni, na raka su.

Likita ya haska bakinsa, ya ce, "Malam, ba beli ba ne." Ya nuna mana wasu tsokoki biyu, dama da hagu a bakin maƙogwaro, waɗanda likitoci ke kira tonsil. Beli, watau hakin wuya, shi ne wanda ke lilo a tsakiya, kowa da shi aka haife shi. Su kuwa tsokokin nan aikinsu tare ƙwayoyin cuta, amma wani lokaci su kansu sukan kamu, su kumbura, har su toshe numfashi cikin barci.

Ba da an ga kumburi ake cire su ba. Akan fara da magani. Ma'aunin da likitoci ke bi ya samo asali daga binciken wani likitan Amurka, Jack Paradise, a 1984: sai ciwon ya tashi sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 har shekara uku. In kuma numfashin yaro yana ɗaukewa cikin barci, wannan ma dalili ne.

Kafin aiki sai da aka auna jininsa, aka tambaya ko yana da sikila, aka hana shi abinci awa 6. Sa'an nan aka sa shi barci da allura. Ta baki ake yin aikin, ba a tsaga wuya. Wani likitan yakan yanke su da ƙarfe ya ɗaure jijiyoyin jini, wani kuma yakan yi amfani da zafin lantarki, wanda ke yanka yana tsayar da jini. Galibi ba ya kai awa guda.

Jinya ita ce mai wuya, don takan ɗauki kwana 10 zuwa 14. Wurin yakan yi fari, kunne ma yakan yi zogi, duk ba abin tsoro ba ne. An ba ƙanena farasitamol a kan lokaci, ba sai ya yi kuka ba. An hana mu ba shi asfirin, domin yana sa jini ya ƙi tsayawa. Kodin ma an hana, tun 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin yana iya kashe yaro bayan irin wannan aiki. Inna ta riƙa ba shi ruwa da yawa, da kunu mai sanyi, da fura ba yaji. Abin da ake tsoro shi ne jini, musamman daga kwana 5 zuwa 10 lokacin da ɓawon ke faɗuwa. In an ga jini ja, a koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Ban rubuta wannan don in raina wanzamai ba, sana'a ce ta gado. Amma aska guda in ta bi yara da yawa ba a dafa ta ba, tana iya yaɗa ciwon hanta ko ƙanjamau. Ciwon maƙogwaro kuma in aka bar shi ba magani, wani yakan taɓa zuciya.

Yanzu ƙanena yana barci shiru, yana cin tuwo kamar kowa. Kakarmu ma da kanta ta hana a yanke wa jikanta na baya beli. Ina roƙon iyayenmu, kafin a aika kiran wanzami, a bari likita ya leƙa bakin yaron tukuna.