Zaman Gida a Cikin Jirgin Iska

Manoman Kura da Bunkure sun san ruwa ne a matsayin abin da ke biyo magudanai daga madatsar Tiga ya shayar da shinkafa da tumatir, shi ya sa zaman dindindin a cikin jirgi baƙon abu ne a wajensu. A ƙasar Hausa, Sarkawan Yawuri ne suka fi kusa da wannan rayuwa, domin sukan shafe watanni a kogin Kwara cikin kwalekwale suna bin kifi.

A teku kuwa akwai masu mayar da ƙaramin jirgin iska mazauninsu, wato jirgin da ake ɗaura wa babban ƙyalle a jikin doguwar sanda domin iska ta tura shi ba tare da an ƙona mai ba. Misali, wani mai suna Joshua Slocum ya bar Boston ta Amurka a 1895 cikin jirgi mai tsawon kusan mita 11, ya kewaye duniya shi kaɗai, ya dawo a 1898, yana samun guzuri da laccocin da yake yi inda ya yada zango. Sai dai gishirin teku yana cin ƙarfe ba ƙaƙƙautawa, saboda haka wanda bai iya gyara da hannunsa ba, a wajen masu gyara kuɗinsa za su ƙare.