Tsarabar taro: abin da ke amfani a Nguru da Gashua

Duk wanda ya saba zuwa bita ya san jakar: biro, littafin rubutu, wani lokaci riga mai tambarin masu taro. Biron nan kafin sati ya daina rubutu.

A Gashua, inda Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 take tara baƙi, abin da ya dace shi ne a duba yanayin gari. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Gorar ruwa mai riƙe sanyi ta fi komai, musamman a yankin da ciwon ƙoda ya daɗe yana damun jama'a. Mahucin kaba kuwa arha ne, kuɗinsa na shiga hannun matan da suka saƙa shi, kuma tun a zauren taron za ka ga ana fifita da zarar wuta ta ɗauke.

Kalandar bango ma tana shekara, in an haɗa kwanakin Hijira da na Miladiyya.

Baƙon nesa fa? A ƙunsa masa kilishin Nguru, a manna sunan taron a jikin takardar. Ba zai kwana biyu ba, amma yaran gida za su tambayi ranar taro na gaba.