Masu Zamiya a Duwatsun Alp

A tsakiyar Turai akwai wasu manyan duwatsu da ake kira Alp. Sun ratsa Faransa da Itali da Suwis da Otirish da wasu ƙasashe. Wanda ya fi su tsawo shi ne Mon Bulan, ya haura metir 4,800. Dutsen Bagzam na Ayar, wanda babu kamarsa a Nijar, metir 2,022 ne. Ko an aza Bagzam biyu, ɗaya bisa ɗaya, ba su kai Mon Bulan ba.

Lokacin sanyi dusar ƙanƙara takan rufe duwatsun nan. Ba irin ƙanƙarar da ke zubowa da damina ba ce, mai kama da tsakuwa. Fara ce fat, mai laushi kamar gari. Wanda ya taka ta da takalmi sai ya nutse har gwiwa, wani wuri har ƙugu. Don haka mutane suke ɗaura wasu katakai biyu a ƙafa, dogaye, sirara, masu lanƙwasasshen baki. Tsawon kowane ya kusa tsawon mutum. Sunansu siki. Da su ake zamiya a kan dusar ba tare da an nutse ba.

Yawancin masu zamiya suna zuwa wuraren da aka gyara. Can injuna sun daddaɓe hanya, kujeru masu tafiya a kan igiyar ƙarfe suna kai mutane bisa, masu tsaro kuma suna rufe duk wurin da ke da haɗari. Amma akwai waɗanda ba su son cunkoso. Sukan bar hanyar da aka gyara su shiga bayan duwatsu, inda babu inji, babu mai tsaro. Wasu ma sukan tashi daga garin Shamoni na Faransa su je Zarmat ta Suwis, tafiyar kwana shida ko bakwai, suna kwana a gidajen da aka gina wa matafiya a bisa duwatsu.

To, yaya mutum zai hau dutse da abin da aka yi don santsi? Ga dabarar. Wanda ya shafi bayan akuya daga wuya zuwa wutsiya, hannunsa yakan wuce sumul. In ya komo da hannun baya, sai gashin ya tashi ya tare shi. Haka ake yi wa siki. Ana manna masa wani ƙyalle mai gajeren gashi a ƙasa. In an tura ƙafa gaba, gashin ya kwanta, sikin ya zame. In ya so komawa baya, gashin ya tashi ya kama dusar. Da can fatar wata dabbar teku ake sawa. Yanzu ana saƙa ƙyallen da gashin wata irin akuya ko da zaren nailan, amma har yau ana kiransa fata. Wajen hawa, kan takalmi kaɗai ke ɗaure, diddige yana ɗagawa kamar na mai silifa. In an kai bisa sai a ɓanɓare fatar a sa a jaka, a kulle diddige, a gangaro. Kowa kuma yana riƙe da sanduna biyu na dogarawa.

Sai batun tufa. Duk metir 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Amma abin mamaki, mai hawan dutse ba sanyi ne ke fara damunsa ba, gumi ne. In rigarsa ta jiƙe, ya tsaya hutawa, iska ta buge shi, nan take jikinsa zai soma kyarma. Shi ya sa ba a sa rigar auduga. Auduga tana shan gumi, kuma ba ta bushewa da wuri. A ƙasar zafi wannan alheri ne, a can kuwa yana iya kashe mutum. Riga uku ake sawa. Ta ciki ta ulu ce ko ta nailan, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa. Wajen hawa a tuɓe ɗaya, wajen hutawa a mayar. Akwai safar hannu, da hular da ke rufe kunne, da hular kwano. Baƙin tabarau ma dole ne, domin farar dusa tana maido hasken rana cikin ido. Wanda ya yini babu tabarau yakan kwana idonsa na zafi kamar an zuba masa rairayi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babban abin tsoro shi ne zaftarewar dusa.

Dusar ƙanƙara ba ta sauka rana ɗaya. Ta yau tana hawa kan ta jiya, hawa bisa hawa, kamar yaɓen bango. Wanda ya taɓa ganin sabon yaɓe da bai kama tsohon ba ya san yadda yake ɓallewa gaba ɗaya. A cikin dusa ma wani hawan yakan zama garas-garas kamar sukari, ba ya riƙe na bisansa. Daga waje ba a ganin kome, wurin fari ne, lumui. Sai mutum ya taka, nauyinsa ya karya hawan na ƙasa, gefen dutse mai faɗin gona ya tsage ya gangaro da shi. Gudunsa yana iya wuce kilometir 100 a awa. Kusan ko da yaushe, wanda zaftarewa ta ci, shi ne ya tayar da ita, ko abokin tafiyarsa. A duwatsun Alp mutum wajen 100 suke mutuwa ta haka kowace shekara.

Ba kowane gangare ne ke zaftarewa ba. Wanda ya fi haɗari shi ne mai karkata tsakanin digiri 30 da 45. In aka ninke takarda mai kusurwa huɗu daidai, daga kusurwa zuwa kusurwa, layin ninkin shi ne digiri 45. Haɗari yakan ƙaru in sabuwar dusa ta sauka, ko iska ta tara ta a gefe ɗaya, ko rana ta yi zafi farat ɗaya. A garin Dabos na Suwis akwai masana da ke binciken dusa tun 1936. A shekarar 1993 ƙasashen Turai suka yarda da ma'auni ɗaya na haɗari, daga 1 zuwa 5, ana sanar da shi kowace rana lokacin sanyi. Abin lura, ba ranar 5 aka fi mutuwa ba, ranar 3 ce. Ranar 5 kowa yana gida. Ranar 3 kuwa mutum yakan ce: "Ai tsaka-tsaki ne," ya fita.

In dusar ta tsaya, takan daskare ta yi tauri. Wanda ta binne ba ya iya motsa ko hannu, balle ya tono kansa. Iskar da ke gaban fuskarsa kaɗan ce. Masana sun duba labarin waɗanda dusa ta binne a Suwis cikin shekara 40, suka buga abin da suka gano a 2024. Cikin mutum goma da aka tono kafin minti 10, tara suna rayuwa. In an kai rabin awa, uku ne kawai. A Shamoni akwai jandarmomi na musamman masu ceto a duwatsu, suna da jirgi mai saukar ungulu da karnuka masu sansano mutum. Ana kiran lamba 112 a neme su. Amma kafin a kira, jirgi ya tashi, ya iso, sau da yawa minti goman nan sun wuce. Mai ceto na gaskiya shi ne abokin tafiya.

Saboda haka kowa yana ɗauke da abu uku. Na farko ƴar rediyo ce da ba ta fi tafin hannu ba, wani Ba'amurke ya ƙirƙiro ta a 1968. Ana ɗaura ta a jiki, ƙarƙashin riga, ba a cikin jaka ba, domin dusa tana iya fizge jakar. Tana aika sigina duk yini. In an binne wani, sauran su juya tasu zuwa nema, ta riƙa nuna musu wajen da yake da nisansa. Na biyu dogon tsinken ƙarfe ne mai gaɓoɓi, ya haura metir 2, ana soka shi har a ji jikin mutum. In an ji shi, sai a bar tsinken a tsaye. Na uku shebur ne na ƙarfe. Haƙar ce ta fi cin lokaci, don mutumin da ke zurfin metir ɗaya sai an kwashe dusa wajen tan ɗaya kafin a kai gare shi. Ana soma haƙa daga ƙasa da tsinken, ana karɓa-karɓa, a fara buɗe masa baki da hanci. Wanda bai koyi wannan aiki ba tun a gida, kayan nan nauyi ne kawai a bayansa.

Wasu suna goya wata jaka mai kumbura. In an ja igiyarta sai ta cika da iska, ta taimaki mutum ya tsaya kusa da saman dusar. Tana da amfani, amma ba ta hana a buga mutum da itace ko dutse. Babu kayan da ke hana dusa zaftarewa. Shi ya sa ƙwararru suke ratsa gangare mai haɗari ɗaya bayan ɗaya, sauran suna tsaye wuri mai aminci suna kallo. In sun ji dusa ta yi ƙara ƙarƙashin ƙafarsu, ko sun ga ta tsage, sai su juya, ko da saura kaɗan su kai kan dutsen. Wannan juyawa ta fi hawan wuya ga wanda ya tashi tun asuba.

Da safe, kafin a kama hanya, mutum ɗaya yakan tsaya gaba ya juya rediyonsa zuwa nema. Sauran su wuce ta gabansa ɗaya ɗaya. Wanda tasa ba ta yi kuka ba, sai ya koma ya canza batir, ana jiransa.